Tambaya da Amsa: Kuɗin Ƙofa da "Abin da Ya Sawwaƙa" a Wuraren Ziyara

Assalamu alaikum, masu karatu. Tun bayan hutun Sallah, yawancin saƙonnin da suka shigo wannan fili magana ɗaya suke yi, wato kuɗin da ake karɓa a ƙofar gidajen tarihi da gandun daji da wuraren shaƙatawa, da kuma wanda ake nema a hannun baƙo bayan an gaya masa cewa shiga kyauta ne. Na zaɓo biyar daga ciki, na rage tsawon waɗanda suka yi yawa, na kuma sakaya sunayen wuraren da aka yi kuka da su, tun da ban ji ta bakin masu wuraren ba.

Tambaya: Malam, ni uwa ce mai 'ya'ya biyar a Gombe. Kashegarin Sallah na kwashi yarana da biyu na maƙwabta muka tafi wani wurin shaƙatawa. A ƙofa aka ƙirga mu ɗaya bayan ɗaya, har da autana ɗan shekara uku da ke saɓe a kafaɗata, aka ce kowa sai an biya masa. Da muka shiga kuma, lilo da kuɗinsa, motar wasa da kuɗinta, hoto ma da kuɗinsa. Kafin la'asar abin da na zo da shi ya ƙare, na fito da yara suna kuka. Wurin da aka gina da dukiyar jama'a, da wane dalili za a sake karɓar kuɗi a hannun jama'ar kafin su shiga?

Amsa: Hajiya, Allah ya raya mana yaran, ya kuma saka miki da alheri da kika haɗa 'ya'yan maƙwabta da naki. Kukanki yana kan hanya, amma bari in fara da ɓangaren da mai zuwa yawon Sallah ba ya gani. Gina wuri sau ɗaya ake yi, a yi bikin buɗewa a watse, riƙe shi kuwa aiki ne na kullum. Ciyawar da yara suka yi birgima a kai tana shan ruwa duk rani, ruwan kuma injin burtsatse ne ke fito da shi, injin yana shan mai, man kuwa kowa ya san inda farashinsa ya kai tun da aka cire tallafi a shekarar 2023. Ga albashin masu shara da masu gadi, ga gyaran lilon da tsatsa ta ci, wanda in an bar shi wata rana zai karye da ɗan wani a kai. Kuɗin wannan hidima daga ɗayan wurare uku yake fitowa, ko baitulmalin gwamnati, ko aljihun masu shiga, ko gudummawar masu hali. Inda gwamnati ta gina ta juya baya, sai nauyin duka ya faɗo a kan ƙofa, kuma sau da yawa za ki tarar ɗan kasuwa aka ba wa wurin haya, shi kuwa dole ya fitar da kuɗin hayarsa da ribarsa a cikin 'yan kwanakin Sallah, domin sauran watannin shekara masu zuwa kaɗan ne.

Misali mafi kusa da mu shi ne gandun dajin Yankari da ke ƙaramar hukumar Alkaleri, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a shekarar 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, ya koma hannun Gwamnatin Tarayya a 1991, sannan aka mayar wa jihar Bauchi da shi a 2006. Wanda ya biya a ƙofar Mainamaji, ya bi titin nan mai tsawon fiye da kilomita 40 har sansanin Wikki, zai ga gwaggon biri suna zagaya ɗakunan baƙi, da gadu suna kiwo a gefen hanya, da ruwan nan garau mai ɓulɓulowa daga ƙarƙashin dutse, wanda ɗuminsa ba ya sauyawa rani da damina. Abin da ba zai gani ba shi ne masu gadin daji da ke kwana da kwanaki suna sintiri a ƙafa domin kare giwayen da suka rage daga mafarauta, mutanen da ke buƙatar takalmi da guzuri da magani, waɗanda wasunsu ma sun rasa rayukansu a bakin wannan aiki. Duk wanda ya iya cika tankin mota ya je wuri irin wannan yana da halin yankar tikiti, saboda haka ban ga laifin karɓar kuɗi a ƙofarsa ba.

Filin shan iska na cikin gari kuwa hukuncinsa daban ne, domin shi ne tsakar gidan wanda ba shi da tsakar gida. Iyalin da ke haya a ɗaki ɗaya ko biyu ba su da inda yara za su yi guje-guje in ban da bakin titi. Mafi ƙarancin albashi a dokar ƙasa tun 2024 naira 70,000 ne, mutane da yawa kuwa ko hakan ba sa samu, don haka idan aka ƙirga mutum takwas a ƙofa, an riga an kori mafi yawan waɗanda aka ce dominsu aka gina wurin. Wasu ƙasashen sun zaɓi su ɗauki nauyin daga haraji. A Birtaniya, tun watan Disamba na 2001 kyauta ake shiga manyan gidajen tarihi na ƙasa, sai dai a biya idan an shirya wani baje koli na musamman, kuma masu ziyara sun ƙaru sosai bayan wannan mataki. A birnin Washinton na Amurka, gidajen tarihin cibiyar Smithsonian ba sa karɓar ko sisi a ƙofa. Ko gidan tarihin Louvre na Faransa, duk da tsadar tikitinsa, ba ya karɓar kuɗi a hannun wanda bai kai shekara 18 ba.

Ni a ganina, filin da gwamnati ta gina a cikin gari ya kamata ƙofarsa ta zama a buɗe, a riƙa biya a kan kayan wasan da ke shan mai ko lantarki kawai, yaron da ake saɓawa a kafaɗa kuma kada a ƙirga shi ko a ina ne. Abin da ya fi ba ni takaici a labarinki shi ne sai da kika shiga kika san sauran kuɗaɗen. Hakkinki ne a kafa allo a waje mai ɗauke da farashin komai, domin uwa ta yi lissafinta tun kafin idon yaro ya sauka a kan lilo. Kafin a kai ga haka, in za ki sake zuwa ki tsaya a ƙofa ki tambayi farashin kowane wasa, ki gaya wa yaran tun a nan wasa nawa kowa zai hau.

Tambaya: Malam, ni malamin firamare ne a cikin garin Bauchi. Zangon da ya wuce na kai ɗalibai 42 wani wurin tarihi. Da na tambayi nawa ne kuɗin shiga, sai wanda muka tarar ya ce ba a biya, amma in mun gama mu ba da abin da ya sawwaƙa. Ya zagaya da mu, ya yi wa yara bayani mai kyau. Da za mu tafi na miƙa masa naira 2,000, abin da ya rage ke nan bayan kuɗin mota, sai na ga fuskarsa ta sauya, ya karɓa bai ce komai ba. Tun ran nan abin yake damuna. Shin na tauye masa hakki ne? Wannan "abin da ya sawwaƙa" dole ne ko ganin dama, kuma aljihun wa yake shiga?

Amsa: Malam, ka kwantar da hankalinka, ba ka tauye hakkin kowa ba. Wanda ya ce maka ba a biya ya riga ya sauke maka wajibi, abin da ka bayar bayan haka kyauta ce, kyauta kuwa ba a yanka mata farashi. Sai dai na fahimci abin da ya sa fuskar mutumin ta sauya, kuma ni laifin tsarin nake gani, wanda ya tsayar da ku biyu kuna kallon juna babu allo, babu akwati, babu rasit a tsakaninku.

Abubuwa uku ne muke cakuɗawa a cikin lafazi ɗaya. Akwai kuɗin shiga, wanda hukumar wurin ta yanka, wajibi ne a kan kowa, ana kuma ba da tikiti ko rasit a kansa. Akwai gudummawa, wadda ake bai wa wurin kansa domin gyara da kulawa, ita kuwa ganin dama ce, gurbinta akwati mai kwaɗo ko asusun banki mai sunan wurin. Sannan akwai tukwici, abin da muke kira na goro, wanda ake bai wa mutumin da ya yi maka rakiya, kuma nasa ne halak malak. Da aka ce maka ka ba da abin da ya sawwaƙa, ba a gaya maka wanne ake nufi a cikin biyun ƙarshe ba, kai ma ba ka tambaya ba, domin tambayar tana da nauyi a baki.

A nan ne kunya take shigowa. Bahaushe ba ya son a miƙo masa buƙata ya ce babu, ba ya kuma son a ga ƙanƙantar abin hannunsa, shi ya sa ganin dama yakan fi ƙayyadadden farashi nauyi a wurinmu. Idan aka ce tikiti naira kaza ne, talaka yakan duba aljihunsa ya shiga ko ya fasa, mutuncinsa yana nan yadda yake. Idan aka bar masa zaɓi kuma a gaban mutum mai kallonsa, ko dai ya ba da abin da ya fi ƙarfinsa, ko ya ba da kaɗan ya tafi da damuwa irin taka, ko kuwa ya yanke wa kansa ba zai ƙara zuwa ba. Na san malamai da dama da suka daina kai yara irin waɗannan wurare saboda wannan tsayuwar ta minti ɗaya a bakin ƙofa.

Kada ka ɗauka mu kaɗai abin ya rikita. Gidan tarihin Metropolitan da ke birnin Niyok, ɗaya daga cikin mafi girma a duniya, ya shafe shekaru tun farkon shekarun 1970 yana bin tsarin kowa ya biya abin da ya ga dama. Amma a allon ƙofa sai a rubuta dala 25 da manyan lambobi, kalmar da ke nuna cewa shawara ce kawai kuma a rubuta ta ƙanana, har baƙi da yawa suka riƙa biya suna zaton dole ne. Maganar ta kai gaban kotu, a shekarar 2016 aka yi sulhu a kan su gyara lafazin allon, su faɗa ƙarara cewa abin da mutum zai bayar zaɓinsa ne. A ɗaya ɓangaren kuma, hukumar gidan ta bayyana cewa masu biyan cikakken kuɗin da aka ba da shawara sun ragu daga kashi 63 cikin 100 a 2004 zuwa kashi 17 a 2017, don haka daga watan Maris na 2018 suka mayar da dala 25 ta zama dole a kan baƙin da suka fito daga wajen jihar Niyok, suka bar wa mazauna jihar ganin damarsu, a 2022 kuma kuɗin ya koma dala 30. Wato dai gudummawar ganin dama ita kaɗai ba ta riƙe babban wuri, ɓoye wa mutane cewa ganin dama ce kuma yaudara ce. A gidan tarihin Birtaniya da ke Landan abin a sarari yake, akwatuna ne a ajiye an rubuta adadin da ake fatan samu, wanda ya jefa ya jefa, wanda ya wuce babu mai tare shi.

Na taɓa kai baƙi wani ƙaramin gidan tarihi a wannan yanki namu, muka tarar da wani dattijo shi kaɗai. Ya buɗe mana ɗakuna da wani tarin makullai da ya ɗaure da tsumma, ya tsaya a kan kowane abu, sulke da kwalkwali da lifidi da tambari, yana faɗin sunansa da amfaninsa da gidan da aka samo shi, har kusan awa guda bai gaji ba. A kusurwar ɗaki na biyu akwai bokiti da aka ajiye a gefen wani akwatin gilashi mai tsofaffin rubuce-rubucen ajami, na ɗaga kai sai na ga tabon yoyo a silin daidai samansa. Da muka gama ya miƙo littafin baƙi da biro ɗaure da zare, muka sa hannu, sannan ya koma gefe ya goya hannuwansa a baya ya sunkuyar da kai. Na ba shi abin da na ba shi, ya yi addu'a ya sa a aljihun gaban rigarsa, kuma ya cancanci fiye da haka. Amma har na isa gida ina tunanin rufin nan, domin da a ce ina son in ba da wani abu a gyara shi, babu inda zan sa kuɗin.

Wuraren tarihinmu kuwa suna buƙatar wannan gudummawa ƙwarai. Gidan Madaki da ke Kafin Madaki, wanda shahararren magini Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19, yana cikin gine-ginen farko da aka ayyana a matsayin kayan tarihin ƙasa tun 1956, kuma kowa ya san ginin ƙasa in bai samu yaɓe a kai a kai ba, damina kaɗan ta ishe shi. Kabarin marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa a cikin garin Bauchi, inda ake bi ta lungu mai duhu a fito cikin haske domin nuna tafiyar ƙasa daga mulkin mallaka zuwa 'yanci, wuri ne da ya kamata kowane ɗalibi a jihar ya taka shi kafin ya gama firamare. Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, wurare masu yawa ne a wuyanta daga wannan iyakar ƙasa zuwa waccan. Muna da masu hali da ke gina masallatai da haƙa rijiyoyi a matsayin waƙafi, kuma na tabbata da za a buɗe musu asusu mai tsabta, a riƙa manna bayanin abin da ya shigo da abin da aka yi da shi a bakin ƙofa, da wasunsu sun ɗauki nauyin rufi ɗaya ko ɗaki ɗaya.

Kai kuma Malam, in za ka sake fita da yara, ka rubuta wa shugaban wurin takarda da sunan makaranta mako guda kafin ranar, ka tambayi ko akwai kuɗin shiga da rangwamen ɗalibai. Ka ware na goron ɗan rakiya tun a cikin lissafin tafiya, ka sa a ambulan, ka kuma gaya masa tun farko cewa makarantar gwamnati ce, ga abin da aka iya haɗawa. Ranar 18 ga Mayu ta kowace shekara ita ce ranar gidajen tarihi ta duniya, lokaci ne mai kyau na neman a buɗe wa ɗalibai ƙofa.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a wata jami'a a Bauchi. Mun raka wata baƙuwa 'yar ƙasar waje wani wurin yawon buɗe ido, sai aka karɓi kuɗinta ninkin namu sau da yawa. Na ji kunya sosai. Mu da muke cewa baƙonka annabinka, wannan ba zalunci ba ne?

Amsa: 'Yata, jin kunyarki alamar tarbiyya ce, amma wannan tsari ba zalunci ba ne, kuma ba mu muka fara shi ba. A Taj Mahal na ƙasar Indiya, ɗan ƙasa rufi 50 na kuɗin ƙasarsu yake biya a ƙofa, baƙo daga nesa kuwa rufi 1,100. A masallacin Aya Sofiya da ke Santambul, tun watan Janairu na 2024 baƙo ɗan yawon buɗe ido yana biyan yuro 25, wanda ya zo salla kuwa ba ya biyan komai. Dalili shi ne ɗan ƙasa ya riga ya sa hannu a riƙon wurin ta hanyar haraji, gadon kakanninsa ne kuma, bai dace a sa masa farashin da zai hana shi ganinsa ba, alhali wanda ya iya biyan kuɗin jirgi daga wata nahiya abin da aka karɓa a hannunsa ba zai girgiza shi ba. Sharaɗin kawai shi ne a rubuta farashin biyu a allo kowa ya gani, a ba ta tikiti mai ɗauke da adadin da ta biya. In kuwa mai ƙofa ne ya dubi fatarta ya yanka kuɗi da ka, to wannan cuta ce, kuma kina da damar ki ce a kira miki shugaban wurin.

Tambaya: Malam, ni manomi ne, shekaruna sun haura sittin, ƙauyenmu yana bakin wani gandun daji. Muna ganin motoci suna wucewa cike da baƙi, mun kuma san biya suke yi. Mu kuwa an hana mu farauta da kiwo da saran itace a ciki, wata shekarar kuma namun dajin su fito su tattake mana dawa da masara a dare ɗaya. Jikana ne ya rubuta mini wannan. Ina kuɗin ƙofar nan suke zuwa, kuma muna da rabo a ciki?

Amsa: Baba, Allah ya ƙara girma, ya mayar muku da alherin abin da kuka rasa. Tambayarka ita ce mafi nauyi a cikin waɗanda suka zo mini, domin ku ne kuke biyan kuɗin gandun dajin da amfanin gonarku alhali ba ku taɓa yankar tikiti ba.

A tsarin da aka fi bi a ƙasar nan, kuɗin da hukumar gwamnati ta karɓa ba ya zama a hannunta. Tun 2015 Gwamnatin Tarayya ta tilasta wa hukumominta zuba kuɗin shiga a asusun bai-ɗaya, jihohi da dama kuma suka bi sahu. Manufar tana da kyau, wato toshe kafar sata, amma sakamakonta ga wurin ziyara shi ne kuɗin ƙofa yakan tafi baitulmali ya haɗu da sauran kuɗaɗe, sannan wurin ya jira abin da kasafin shekara zai ba shi, da kuma ranar da za a saki kuɗin. Shi ya sa za ka ga wuri yana cika da baƙi amma famfonsa a lalace, ballantana a yi maganar ƙauyen da ke maƙwabtaka da shi.

Akwai ƙasashen da suka warware wannan da doka. A Amurka, dokar da aka yi a 2004 ta ba gandun dajin ƙasa damar riƙe aƙalla kashi 80 cikin 100 na abin da ya karɓa a ƙofarsa domin ya yi wa kansa aiki. Misalin da ya fi dacewa da ku kuwa shi ne na Ruwanda, inda tun 2017 baƙo ke biyan dala 1,500 domin ya hau dutse ya ga manyan biran nan da ake kira gorila, kuma kashi 10 cikin 100 na kuɗin da gandun dajin ƙasar ke samu ana mayar da shi ga ƙauyukan da ke kewaye, a gina musu azuzuwa da ɗakunan shan magani da wuraren ɗiban ruwa. Suna kuma da asusu na daban da ke biyan diyya ga wanda namun daji suka yi wa ɓarna. Hikimar a fili take, domin mutumin da ya ga ajin da jikansa ke karatu a ciki daga kuɗin baƙi aka gina shi, shi ne zai fara kai rahoton mafarauci.

Saboda haka amsata ita ce kuna da rabo a bisa adalci, abin da ya rage shi ne a rubuta shi a doka da adadi sananne, kada ya tsaya a kan alherin wanda ke kan kujera. Hanyar nemansa ita ce ku haɗa kai da sauran ƙauyukan da abin ya shafa, ku bi ta hannun dagatai da hakimi, ku rubuta wa ɗan majalisar jiha mai wakiltarku. Ku nemi a ware wa ƙauyuka wani kaso na kuɗin ƙofa, a fifita 'ya'yanku wajen ɗaukar masu gadi da 'yan rakiya, a kuma riƙa shigar da ɗaliban makarantunku kyauta. Duk ranar da aka yi muku ɓarna, jikan nan naka ya ɗauki hoton gonar da waya, a rubuta kwanan wata da faɗin wurin, dagaci ya sa hannu, domin ƙorafin da ke da shaida ya fi wuyar turewa. Ina kuma roƙonku da girman Allah kada ɓacin rai ya sa wani ya ɗana tarko ko ya harbi dabba, domin laifi ne a doka, zai kuma rushe maganar da kuke nema.

Tambaya: Malam, ni matashi ne a Gombe. Mun je wani wuri da abokaina, sai mai ƙofa ya ce mu kawo rabin kuɗin mu wuce, ba sai an yanka tikiti ba. Mun biya mun shiga. Wani abokina ya ce rangwame ne, ni kuwa zuciyata ba ta kwanta ba.

Amsa: Ɗana, zuciyarka ta gaya maka gaskiya. Rangwame mai wuri ne ke yin sa, mai ƙofa kuwa amana aka ba shi, abin da ya karɓa ba tare da tikiti ba aljihunsa ya tafi, ku kuma kun taya shi. Ɓarnar ma ta wuce rabin kuɗin da aka rasa, domin da ƙirgen tikiti ake sanin yawan masu ziyara. Idan mutum ɗari suka shiga aka rubuta talatin, ofishin da ke raba kasafi zai ga wuri ne da ba a zuwa, ya rage masa kuɗin gyara da ma'aikata, wurin ya ƙara lalacewa, daga baya a ce sai an ƙara kuɗin shiga a kan waɗanda ke biya tsakani da Allah.

Na san albashin masu ƙofa ƙanƙane ne, wani lokacin ma ba ya zuwa a kan kari, kuma hakki ne a kan masu wuraren su gyara wannan. In ka tausaya wa mutum, ka yanki tikitinka cikakke, sannan ka ba shi na goro daga aljihunka. Ka duba tikitin ka ga yana da lamba da kwanan watan ranar, ka riƙe shi har ka fito, kada ka mayar wa mai ƙofa ya sake sayar da shi. In ta waya ko na'urar POS za ka biya, ka karanta sunan asusun kafin ka tura, ka tabbata na wurin ne ko na hukumar da ke riƙe da shi. Rabin da kuka rage kuma, in hanya ta sake bi da ku ta can, ku cika shi a teburin tikiti ku karɓi rasit.